Matan da Suke Kwana a Tasha: Jawabi a Taron Zumuntar Mata da Dattawa



Duk wanda ya san garin Jos ya san sanyinsa a watan Disamba da Janairu. Cikin wannan sanyi akwai mata da suke shimfiɗa kwali a tashar mota, ko a gindin rumfunan kasuwa wajen Terminus, ko cikin ginin da ba a gama ba. Sukan jira masu shago su rufe kafin su kwanta, su tashi tun da asuba kada a kore su. Ruwan wanka saye suke yi, ban-ɗaki ma sai an biya. Mai goyo ba ta barci sosai, saboda tsoron ɓarayi da mazan banza. Da rana sai wanke-wanke a wurin masu abinci, ko dako, ko roƙo.

Daga ina suka fito? Waɗansu tashin hankali ne ya kore su, kamar rikicin Jos na 2001, da gudun hijira daga Gwoza, Madagali da Michika a 2014. Amma waɗansu daga ƙauyuka irin namu suka fito, ba kuwa harsashi ne ya kore su ba. Akwai gwauruwar da dangin miji suka karɓe mata gona da ɗaki bayan jana'iza. Akwai yarinyar da aka kai aikin gida birni, uwar ɗaki ta sallame ta ba kuɗin mota. Akwai wadda ta yi ciki, kunya ta sa iyaye suka rufe mata ƙofa.

Mu sani, a 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta ƙi amincewa da al'adar hana gwauruwa ko 'ya mace gado. Dokar tarayya ta 2015 kuma ta hana wulaƙanta gwauraye da korar mata daga gidan aure da ƙarfi.

Don haka muna roƙo abu uku. In miji ya rasu, dattawa su zauna da dangi kafin a taɓa gona. Kada mu ba da yarinya aikin birni sai mun san gidan, muna kuma tambayar lafiyarta. In wadda ta tafi ta komo, zumunta ta tarye ta da abinci da wurin kwana kafin a fara tambayoyi.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.