Jawabi kan yaranmu biyu masu karatun dabbobi a waje

Dattijanmu, iyayenmu mata, da ƴan'uwa da sunka zo daga Maraɗi, Yamai da bakin ruwa, muna gaishe ku. Allah shi saka da alheri.

Mu malaman lakkwal, ku kunka ba mu yaran nan tun suna ƙanana. Yau biyu daga cikinsu suna waje: ɗaya Dakar, ɗaya Garwa ta ƙasar Kamaru. Mun ji maganar da ake yi bakin masallaci: wai ƙaƙa yaro zai ci bak, ya ƙi likitan mutane, ya tahi koyon saniya, abin da Bahillace ya sani tun yana goye? Na Garwa kuwa an ce gadin dawa ya tahi koyo. Ku yi mana haƙuri mu ba da amsa.

Makarantar Dakar an kafa ta a 1968. Ƙasashen Afirka da dama sunka haɗa kai gare ta, har da Nijar. Yaro yana shekaru yana koyon jikin dabba gaɓa-gaɓa, da cututtukanta, da rigakahi, da duban nama kahin a kai shi kasuwa. Sai ya rubuta littahin bincike, malamai su yi mashi tambayoyi, sannan a kira shi likita.

Tsohinmu ba su manta da bushiya ba, ciwon da ke share garke cikin kwanaki. Babban rigakahin da anka soma a 1962, likitocin dabbobi ne sunka bi rugga-rugga da allura. Ciwon ya sake dawowa bayan 1980, anka sake tashi kanshi, sai a 2011 anka bayyana ya ƙare a duniya duka. Amma ciwon huhun shanu da annobar awaki suna nan. Akuyar da tsohuwa ke saidawa ta sai hatsi lokacin bazara, wa za ya tsare mata ita?

Makarantar Garwa an buɗe ta a 1970 don ƙasashe masu aiki da Faransanci. Can ana koyon ƙidayar namun dawa, sanin itace da ciyawa, da wurin shan ruwansu, da dokar farauta, da yadda za a zauna da manoma da makiyaya. Ku dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A 1996 ba su kai hamsin ba. Da anka tsare su, sun wuce ɗari shida, har a 2018 anka ɗauki takwas anka kai Gadabeji, cikin jihar Maraɗi. Su kuma suna cin waken talakawa. Raba wannan gardama yana son mutum mai ilimi, wanda ya taɓa riƙe hauya.

To, karatun waje ba hutu ba ne. Burs takan yi jinkiri wata da watanni. Littattafai da tsada. Yaron Dakar ya rubuto mana cewa hurar gero yake mafarki, ga shinkafa da kihi kullum. Ya kuma kwana biyu bai ci ba, kunya ta hana shi gaya ma ubanshi.

Don haka muna roƙon ƙungiya abu biyu. Na fari, a ware wani abu cikin asusu, a riƙa aika masu duk wata uku. Na biyu, su kuma su yi alkawali gaban dattijai: kowane hutu su zo gida, su zagaya garkunan gari tare da ma'aikatan kiwo, su shiga ajinmu su yi ma ƙannensu bayani.

Ma'aji yana nan da littahi. Wanda ke da dala ɗari, wanda ke da jikka, a rubuta.

Allah shi ba su sa'a, shi maido mana su lahiya.