Iliya a Gindin Itace: Addu'a da Magani Ba Kishiyoyi Ba Ne

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21

Yau ina so mu yi magana a kan ciwon da ba ya fid da jini, ba ya kumbura, amma yana kwantar da mutum kamar kowane ciwo. Ina nufin ciwon damuwa da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa. Tambayarmu ita ce, in mai bi ya tafi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya kasa cikin bangaskiya ke nan?

Ku duba annabi Iliya. A sura 18 ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a, wuta ta sauko. A sura 19 kuwa, saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu. Ya kai Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mutumin da addu'arsa ta sauko da wuta, shi ne yake neman mutuwa.

To, me Allah ya yi masa? Bai tsauta masa ba, bai kuma sa shi azumi ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa. Iliya ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya, aka sāke tashe shi ya ci. Da ya isa Horeb, Allah ya tambaye shi har sau biyu abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage duk abin da yake cikinsa. Sa'an nan ya gyara masa tunani. Iliya yana cewa shi kaɗai ya rage, Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Daga ƙarshe ya ba shi aiki, ya ba shi aboki, wato Elisha. Ashe Allah ya kula da jikin bawansa, da tunaninsa, da ruhunsa, duka uku.

Bari in faɗa muku laifina. Bayan gudun hijira na shekarar 2014, wani malamin makaranta da iyalinsa suka zo ikkilisiyarmu daga arewacin Adamawa. An kashe ƙanensa a gaban idonsa. Wata rana matarsa ta zo ta ce mini, "Baba Fasto, maigida ba ya barci, ba ya cin abinci, in taya ta fashe a titi sai ya shiga ƙarƙashin gado." Na je na yi masa addu'a, na ce ya yi azumi kwana uku, ya ƙara bangaskiya. Mutumin da ba ya cin abinci, shi na sa azumi! Da bai sami sauƙi ba, sai ya ɗauka Allah ya yashe shi. Bayan mako biyu matarsa ta same shi yana shirin hallaka kansa.

Wata nas a zumuntar mata ce ta tsare ni a ƙofar majami'a. Ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Da ƙafarsa ce ta karye, azumi za ka sa shi, ko asibiti za ka kai shi?" Na rasa amsa. Kashegari muka kai shi. Likita ya zauna da shi wajen awa guda yana sauraro, ya ba shi magani, ya haɗa shi da mai ba da shawara wanda zai riƙa gani kowane mako. Da za mu fita, likitan ya ce mini, "Fasto, kada ku daina yi masa addu'a, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Ni awa ɗaya nake da shi, sauran kwanakin naku ne." Sauƙi bai zo dare ɗaya ba. Amma yau wannan ɗan'uwa yana koyarwa a makarantar Lahadi, yana kuma zuwa asibiti in ranarsa ta yi.

'Yan'uwa, ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki, kamar hanta da ƙoda. Allah ne ya yi ta, tana kuwa iya ciwo. Firgita mai tsanani, da rashin ƙaunatacce, da haihuwa, da shaye-shaye, da gado, duk suna iya taɓa ta. Littafi Mai Tsarki bai taɓa haramta magani ba. Sa'ad da sarki Hezekiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya ji, amma Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Manzo Bulus ya yi tafiya da Luka, wanda likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara ma sun gina asibiti a Vom, da Garkida, da Galmi ta ƙasar Nijar. Ba wanda ya ce sun yi rashin bangaskiya. Don me za mu yarda da maganin zazzaɓi, mu ƙi na damuwa?

Waɗansu suna tsoro kada likita ya raba su da Ubangijinsu. Aikin mai ba da shawara na ƙwarai shi ne ya saurare ka, ya riƙe asirinka, ya taimake ka ka auna tunanin da yake azabta ka, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Ka faɗa masa tun farko cewa kai mai bi ne, addu'a tana da muhimmanci a gare ka. Likita ba zai gafarta zunubi ba, wannan aikin Almasihu ne. Fasto kuma ba zai rubuta magani ba, wannan aikin likita ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun a 1954 wani likitan ƙasarmu, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, gama ya gane mutum ya fi warkewa cikin mutanensa. Ikkilisiya ita ce dangin nan.

Yaya za mu gane lokacin neman taimako? In baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci suka rikice. In mace ta haihu, tana ta kuka, tana gudun jaririnta. In mutum yana jin muryoyin da ba wanda yake ji. In kuwa ya fara maganar mutuwa, kada a jira gobe, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Wanda yake nesa ya fara da asibitin da yake kusa da shi, za su nuna masa hanya.

Ga gargaɗi biyu. Na ɗaya, maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Kada wani ya ce maka ka zubar da maganinka don ka nuna bangaskiya. Tsai da shi farat ɗaya yana iya komo da ciwon. In ka ga sauƙi, ka gode wa Allah, ka koma wurin likita, shi zai faɗa maka yadda za a rage. Na biyu, kada a ɗaure mara lafiya da sarƙa, ko a yi masa bulala da sunan addu'a. Mutumin ƙasar Garasinawa da muke karantawa a Markus sura 5, mutane ne suka ɗaure shi, Yesu kuwa ya mai da shi gida cikin hankalinsa. Ko dokar ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2023 a maimakon tsohuwar dokar 1958, ta tsare mutuncin masu wannan ciwo.

Kai da kake saurarona cikin dare, barci ya ƙi zuwa, kana jin kunyar faɗa wa kowa, Allah bai yashe ka ba. Ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce gobe da safe. Ku kuma dattawan ikkilisiya, da zumuntar mata, da matasa, ku duba kujerar da ta daɗe ba kowa a kanta. Ku je da abinci, ku zauna, ku yi ta sauraro, ku rage wa'azi. In ana bukatar kuɗin mota zuwa asibiti, wannan ma aikin Ubangiji ne.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka ciyar da Iliya cikin jeji, ka dubi 'ya'yanka da suka gaji da rai. Ka ba su barci, ka ba su ƙarfin hali su nemi taimako. Ka ba likitoci da masu ba da shawara hikima. Ka gafarta mana inda muka ƙara wa masu ciwo kaya. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mun sāke saduwa, alherin Ubangiji ya zauna tare da ku.