Wa Za a Fara Sallama? Lacca kan Wariyar Launin Fata a Wuraren Hidima a Amurka

 

An nemi in yi magana a kan wariyar launin fata a Amurka, irin wadda mutum ke cin karo da ita a gidan abinci, ko otal, ko kanti, da kuma muhawarar da ta biyo baya, inda wasu fararen fata ke kukan cewa reshe ya juye da mujiya, yanzu su ake nuna wa bambanci. Zan fara da labarin baƙi biyu daga wannan nahiya tamu, domin kada wani ya ɗauka maganar ta yi nisa da mu.

A watan Oktoba na 1957, Ghana na da wata bakwai kacal da samun 'yancin kai, ministan kuɗinta Komla Gbedemah ya tsaya a wani gidan abinci na Howard Johnson a garin Dover, jihar Delaware, ya nemi ruwan lemo. Aka ce za a sayar masa ya fita da abinsa, amma baƙar fata ba ya zama ya sha a ciki. Da labari ya bazu a jaridu, Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a ba shi haƙuri. A Yunin 1961 kuma, jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa daga Niyu Yok zuwa Washinton domin miƙa takardun kama aiki ga Shugaba Kennedy, ya tsaya a jihar Maryland, a kan babbar hanya mai lamba 40, don ya sha gahawa. Aka hana shi saboda launin fatarsa.

Waɗannan mutum biyu an ba su haƙuri saboda akwai tutar ƙasa a bayansu, kuma Amurka na tsoron kada Tarayyar Sobiyet ta yi mata dariya a idon sababbin ƙasashen Afirka. To, baƙar fatan da aka haifa a can, yake biyan haraji a can, wa ke ba shi haƙuri? Babu kowa. Abin da yake da shi wani ɗan littafi ne da ake kira Green Book, wanda wani ma'aikacin gidan waya mazaunin unguwar Harlem, Victor Hugo Green, ya fara bugawa a 1936. A ciki an jera otal-otal da gidajen mai da gidajen abinci da za su karɓi baƙar fata ba tare da wulaƙanci ba. Ku yi tunanin magidanci da iyalinsa a mota, dare ya yi, yara na jin yunwa, da kuɗi a aljihunsa, amma sai ya duba littafi kafin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu baƙaƙen fata suka shiga kantin Woolworth a garin Greensboro, jihar North Carolina, suka zauna a kujerun cin abinci da aka keɓe wa fararen fata. Aka ƙi sallamarsu, su kuma suka ƙi tashi. Washegari suka dawo da wasu. Cikin 'yan makonni irin wannan zaman dirshan ya bazu zuwa garuruwa da dama na kudancin ƙasar, kuma a watan Yulin shekarar kantin ya sauko. Ranar 2 ga Yuli, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare haƙƙin 'yan ƙasa, wadda ta haramta wariya a otal, gidan abinci, gidan sinima da makamantansu. Mai wani otal a Atlanta ya garzaya kotu, yana cewa dukiyarsa ce, shi ke da ikon zaɓen wanda zai kwana a ciki. A Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta yi watsi da hujjarsa, babu alƙali ko ɗaya da ya goyi bayansa.

Doka ta sauke allunan da ke bakin ƙofa. Halin da ya rubuta allunan bai sauka da su ba, sai ya koma yin aikinsa a ɓoye. A Afrilun 1993 wasu jami'ai shida baƙaƙen fata, daga rundunar da ke tsaron shugaban ƙasa, suka shiga gidan abinci na Denny's a Annapolis tare da abokan aikinsu fararen fata. Aka kawo wa fararen abincinsu suka ci, su kuwa suna zaune suna jira. Ƙorafi iri-iri suka taru a kan kamfanin, ciki har da cewa ana sa baƙaƙen fata su biya kuɗi kafin a ba su abinci, alhali ba a yi wa wasu haka. A 1994 kamfanin ya amince ya biya diyyar sama da dala miliyan 54.

Wahalar wannan sabon salo ita ce babu wanda zai ce maka kai tsaye ba a son ka. Za a dai bar ka kana jira. Za a ce ɗaki ya ƙare. Mai gadi zai riƙa bin ka daga wannan lungu na kanti zuwa wancan. In ka yi magana a ce ka cika zargi. Shi ya sa masana suka koma yin gwaji. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 zuwa kamfanoni a Boston da Shikago, ilimi da ƙwarewa daidai wa daida, sunaye kawai suka bambanta. Sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna cewa in aka kira masu sunan baƙaƙen fata sau biyu domin ganawa, an kira masu sunan fararen fata sau uku. Wasu masana na jami'ar Harvard suka yi irin wannan gwaji a dandalin haya na Airbnb, suka tarar damar karɓar baƙo mai sunan baƙar fata ta yi ƙasa da kusan kashi 16 cikin ɗari. Duk wanda ya ce wariya ta mutu a 1964, waɗannan alƙaluma sun ƙaryata shi.

Yanzu ga shari'ar da nake so mu tsaya a kanta, domin ita ta haɗa ɓangarori biyun maganarmu a ɗaki guda. Ranar 12 ga Afrilu, 2018, wasu matasa biyu baƙaƙen fata suka shiga shagon gahawa na Starbucks a Filadalfiya suna jiran wani abokin hulɗarsu ta kasuwanci. Ba su sayi komai ba tukuna, abin da dubban mutane ke yi kullum a irin waɗannan shaguna. Manajar shagon ta kira 'yan sanda, aka sa musu ankwa aka fita da su. Wata da ke wurin ta ɗauki bidiyo, duniya ta gani. Kamfanin ya ba da haƙuri, kuma ranar 29 ga Mayu ya rufe shaguna sama da 8,000 na tsawon wani yammaci domin horar da ma'aikata. Matasan sun sasanta da hukumar birnin a kan dala ɗaya ɗaya, da sharaɗin a ware dala 200,000 don tallafa wa matasa masu son kasuwanci.

Ba a nan labarin ya ƙare ba. Cikin waɗanda kamfanin ya kora bayan rikicin akwai wata mata farar fata mai kula da shagunan yankin baki ɗaya, wadda ba ta wurin lokacin da abin ya faru. Ta kai ƙara, ta ce an sadaukar da ita ne don a wanke sunan kamfani, kuma launin fatarta ya sa aka zaɓe ta. A Yunin 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya a jihar New Jersey suka yarda da ita, aka yanke a biya ta dala miliyan 25.6.

Jama'a, wa aka zalunta a wannan labari? Amsata ita ce su ukun duka. An zalunci matasan nan biyu da aka ci wa mutunci a bainar jama'a. In kuwa abin da kotu ta gano gaskiya ne, an zalunci matar nan ma. Kuma tushen zaluncin guda ne: an dubi fatar mutum aka yanke masa hukunci kafin a dubi abin da ya aikata. Ba na ganin amincewa da zaluncin da aka yi mata yana rage ko ƙwayar zarra daga wanda aka yi musu.

Kukan fararen fata ya daɗe a kotunan Amurka. A 1978 Allan Bakke ya yi nasara a kan makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wadda ta ware gurbi 16 cikin 100 ga 'yan tsiraru. Kotun Ƙoli ta soke ware gurbi da ƙidaya, amma ta bar jami'o'i su riƙa duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa. A 2009 kotun, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta goyi bayan wasu 'yan kwana-kwana na birnin New Haven, akasarinsu fararen fata, waɗanda suka ci jarrabawar ƙarin girma amma hukuma ta soke sakamakon saboda baƙaƙen fata ba su samu shiga sahun gaba ba. Ranar 29 ga Yuni, 2023, a shari'ar jami'ar Harvard da ta North Carolina, kotun ta rufe ƙofar duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Abin lura, ƙorafin da aka gabatar a kan Harvard na ɗalibai 'yan asalin Asiya ne. A Yunin 2025 kuma alƙalan suka haɗu baki ɗaya a kan cewa ba za a ɗora wa mai ƙara daga ɓangaren masu rinjaye nauyin hujja fiye da na kowa ba. Wadda ta rubuta wannan hukunci ita ce Ketanji Brown Jackson, mace baƙar fata ta farko a kotun.

Hujjar masu wannan kuka tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Matashin da aka haifa a 2005 zai ce bai mallaki bawa ba, bai kori kowa daga otal ba, don me za a hana shi gurbin da ya ci da guminsa? Mu ma tarbiyyarmu ta koya mana cewa ba a kama mutum da laifin wani.

Sai dai akwai inda na rabu da su. Idan kakanka ya ƙwace gonar kakana, kai ba ɓarawo ba ne, ban kuma ce a ɗaure ka ba. Amma hatsin da ke rumbunka daga gonar nan ya fito, ni kuma 'ya'yana na kwana da yunwa. Tun daga shekarun 1930 hukumomin lamunin gidaje na gwamnatin Amurka suka riƙa ɗaukar unguwannin baƙaƙen fata a matsayin wuraren da ba a zuba kuɗi, har sai da aka yi dokar hana wariya a harkar gidaje a 1968. Gida kuwa shi ne babbar dukiyar da talakan Amurka ke bar wa magadansa. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna matsakaicin iyalin fararen fata na da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙaƙen fata kuwa kusan dala 45,000. Wanda ya ce daga yau a rufe ido a yi wa kowa daidai, bai kuma kawo wata hanyar cike wannan rami ba, ya zaɓi a bar gonar a hannun wanda take.

Don haka nake roƙon mu raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Gurbin jami'a da kujerar aiki ƙididdigaggu ne; in aka ba wani, an hana wani, saboda haka dole a yi ta jayayya a kan yadda za a raba su, kuma mutanen kirki na iya saɓawa. Ni a ganina gyaran ya fi tsafta in aka yi shi tun daga tushe, a makarantun firamare da unguwannin da aka mayar baya, aka kuma duba talaucin gidan da yaro ya fito. Amma sallamar mai saye da fara'a, da ba shi ɗakin da ya biya, da barinsa ya zauna ya jira abokinsa, waɗannan ba sa ƙarewa don an yi wa wani. A nan babu wani tarihi da zai halatta fifita kowa, fari ne ko baƙi. Kuma a nan ɗin, duk gwajin da na ambata ya nuna wanda har yau ake bari a tsaye.

Kafin in zauna, Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou a ƙasar Sin ba su manta Afrilun 2020 ba, lokacin da aka riƙa korar 'yan Afirka daga gidajen haya da sunan korona, har wani shagon McDonald's ya manna sanarwar hana baƙaƙen fata shiga, daga baya kamfanin ya ba da haƙuri. Mun ji zafin wannan, kuma muna da gaskiya. To amma a otal-otal da gidajen abinci na manyan biranenmu, sau nawa ma'aikaci ke tsallake ɗan ƙasa ya ruga wajen Bature? Sau nawa mai gida ke tambayar ƙabilar mai neman haya kafin ya faɗi kuɗi? Sannan muhawarar Bakke tana nan a gidanmu: sashe na 14(3) na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa, kuma makin shiga makarantun sakandaren tarayya ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Mu 'yan Arewa muna cikin masu cin moriyar wannan tsari. Yaron kudu da ya ci maki mai yawa aka bar shi a gida yana da haƙƙin a saurari kukansa, mu kuma wajibi ne mu gyara makarantunmu har ranar da ba za mu buƙaci rangwame ba.

Ɗalibai, da yawanku gobe ku ne manajojin banki, masu otal, ma'aikatan jinya da masu ɗaukar aiki. Ina roƙonku, wanda ya riga zuwa ku fara sallamarsa. In ƙorafin wariya ya zo teburinku, ku bincika da gaske ko daga bakin wa ya fito, kada kuma ku kori marar laifi don ku kwantar da hayaniya.