Gashi Don Rage Zafin Ciwon Daji: Jawabi Ga Masu Jinya A Gida

Da yawa daga cikinmu mun yi jinyar wanda ciwon daji ya kai masa ƙashi, musamman na nono, na huhu da na mafitsarar maza. Mun san yadda ake kwana a zaune. Idan likita ya ce ciwon ya yi nisa, sai dangi su ɗauka cewa gashi ɓarnar kuɗi ne. Ba haka ba ne.

Gashin da muke nufi ba gashin ƙashi ba ne irin na mai karaya. Wata na'ura ce ke auna haske mai ƙarfi daidai inda ƙarin yake. Hasken yana kashe ƙwayoyin cutar, ƙarin ya motse ya daina danne jijiya, cin da yake yi wa ƙashi kuma ya ragu. Ba ya warkar da ciwon da ya yaɗu, amma kusan mutum 6 cikin 10 suna samun sauƙi, wasu zafin ya tafi ɗungum.

Ga abin da muke so ku riƙe. Bincike ya nuna cewa a ciwon ƙashi, zama 1 yana rage zafi kamar zama 10, ko da yake an fi bukatar maimaita shi daga baya. Ga wanda zai ɗauko marar lafiya daga ƙauye zuwa asibitin koyarwa na Zariya ko Sakkwato, ko cibiyar Yamai da ta fara gashi a 2021, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku tambayi likita ko zama 1 zai wadatar. Ku kuma tabbatar na'urar tana aiki kafin ku biya kuɗin mota.

Sauƙin yakan ɗauki mako 1 zuwa 4, wani ma zafin ya ƙaru a kwanakin farko, don haka kada a daina shan maganin zafi. Hasken ba ya zama a jiki. A ci abinci tare, jikoki su hau gado.

Amma idan ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafafu, ko fitsari ya ƙi fita, wataƙila ƙarin ya danne laka. Wannan ba a jira da shi har gobe, a kai shi asibiti a ranar.