Yau da Gobe: Yadda Yahudawa Ke Lissafin Kwanakinsu

A jawabinmu na yau za mu ajiye siyasa a gefe, mu duba wata tsohuwar ɗabi'ar ibada ta Yahudawa, wato ta ware wa kowace rana ɗan guntun karatu ko tunani, wanda sau da yawa akan gama shi kafin shayi ya huce. Abin ƙarami ne a ido, amma yana daga cikin igiyoyin da suka ɗaure al'ummar da ta yi kusan shekara dubu biyu a warwatse cikin ƙasashen wasu.

Bari mu fara da sunayen ranaku, domin a nan Bahaushe ba baƙo ba ne. Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis, duk ƙidaya ce ta Larabci: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Haka abin yake a Ibrananci, harshen Yahudawa, inda ake cewa rana ta farko, rana ta biyu, har zuwa ta shida. Ta bakwai kaɗai ke da sunan kanta, wato Shabbat, kuma tushenta ɗaya da kalmarmu ta Asabar. Takan kama daga faɗuwar ranar Jumma'a zuwa fitowar taurari uku a daren Asabar, gama a wurinsu ma yini daga magariba yake farawa. Kowace safiya mai ibada yakan ambaci matsayin ranar a cikin ƙidayar mako, sa'an nan ya karanta surar Zabura da aka keɓe mata. Ta haka ko ranar Talata ce, idonsa na kan Asabar.

Me ya sa suka ba lokaci wannan daraja? A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka rushe Haikalin Birnin Ƙudus, inda ake yanka da hadaya. Malamansu suka tsayar da addu'o'in safe da yamma a madadin hadayar, karatu kuma ya zama wurin taruwa. Ana iya ƙwace wa mutum gida da gona, a kore shi daga gari, amma ranar Asabar za ta iske shi duk inda ya sauka. Wannan shi ne jigon littafin da Abraham Joshua Heschel, malami haifaffen Warso wanda ya ƙare rayuwarsa a Amurka, ya wallafa kan ranar Asabar a 1951: addininsu ya fi tsarkake lokaci bisa ga wuri.

Shekararsu ta wata ce, kamar ta Hijira, sai dai sukan ƙara wata na goma sha uku sau 7 a cikin kowace shekara 19, don kada bukukuwa su bar lokutansu na noma. Shi ya sa azumin Ramalana ke zagaya damina da rani, amma Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga Masar, kullum a watan Maris ko Afrilu yake kamawa. Daga dare na biyu na wannan idi akan fara ƙirga kwana 49, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa Idin Makonni, ranar tunawa da saukar Attaura ga Annabi Musa. Sunan ƙidayar Omer, wato mudun sha'ir da ake kaiwa Haikali a da. Wasu sukan ba kowane dare wani hali da mutum zai auna kansa da shi, kamar alheri, ko kamun kai, ko juriya. Wanda ya tsallake yini guda cur bai ƙirga ba, zai ci gaba da ƙidaya, amma ba zai ƙara karanta addu'ar da ke gabanta ba. Darasin a fili yake: ranar da ta wuce ba a ranto ta.

Haka kuma watan Elul, wanda ke gaban sabuwar shekararsu. A majami'u da yawa akan busa ƙahon rago da safe a ranakun aiki, domin farkar da zukata. Aikin watan suna kiransa heshbon hanefesh, kuma kunnen da ya saba da Larabci zai jiyo hisabi da nafsu a ciki. Bayan sabuwar shekara da kwana tara sai Ranar Kafara, Yom Kippur. Malamansu sun koyar cewa azumin wannan rana ba ya wanke haƙƙin wani, sai an je an nemi yafewarsa. Saboda haka tunanin kowace safiya a Elul yakan ƙare ne a ƙofar maƙwabci.

A zamanin nan, mafi shahara a cikin irin wannan karatu shi ne Daf Yomi, ma'ana warƙa guda kullum. A 1923, wajen wani babban taro a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani matashin malami daga Polan, Meir Shapiro, ya kawo shawara cewa Yahudawan duniya su riƙa karanta warƙa ɗaya ta Talmud kowace rana, kowa a warƙa guda. Talmud shi ne babban kundin shari'a da muhawarar malamansu, mai warƙa 2,711, don haka sauka ɗaya takan ci shekara bakwai da kusan wata biyar. Burinsa shi ne matafiyi ya sauka daga jirgin ruwa a garin da bai san kowa ba, ya shiga majami'a, ya tarar ana kan warƙar da ya karanta da safe. An yi saukar farko a 1931. Ta goma sha uku kuwa an yi bikinta a watan Janairu na 2020, inda dubban mutane suka cika wani filin wasa a jihar New Jersey ta Amurka.

Ga waɗanda Talmud ya yi wa nauyi akwai abin da ya fi sauƙi. A 1873 malam Israel Meir Kagan ya fitar da littafi kan kiyaye harshe daga gulma da ɓata suna, daga baya aka yanka shi gida-gida, kowace rana da rabonta. A 1943, ana tsakiyar yaƙin da aka hallaka Yahudawa miliyan shida a Turai, Menachem Mendel Schneerson ya tattara wani ɗan littafi mai suna Hayom Yom a Amurka, inda kowace ranar shekara ke da 'yan layukanta na nasiha. Tun ƙarni na biyu ma, malam Meir ya ce ya kamata mutum ya yi godiya ga Ubangiji sau ɗari a yini. Akwai addu'ar gurasa, da ta ruwan sha, da ta jin tsawa, da ta ganin bakan gizo, har da ta fitowa daga bayan gida.

Rediyo ma ya karɓi rabonsa. Tun 1970 BBC ta sa wani ɗan fili na tunanin addini, wanda bai cika minti uku ba, a cikin shirinta na safe na gida. Malam Lionel Blue, wanda ya rasu a 2016, ya yi shekaru yana magana a ciki, yana ɗauko darasi daga tukunyar girki da zaman jiran jirgi, da barkwanci, har waɗanda ba Yahudawa ba suka saba da muryarsa. Jonathan Sacks, Babban Malamin Yahudawan Biritaniya daga 1991 zuwa 2013, shi ma ya yi fice a filin.

To, ba kowa ne ya gamsu ba. Akwai malaman da ke ganin warƙar Talmud ta fi ƙarfin yini guda, mai gudu a kanta zai kai ƙarshe bai riƙe komai ba, kuma nasihar minti uku na iya sa mutum ya ɗauka ya sauke nauyi. Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Amma masu kare tsarin sukan ce a dubi wanda aka yi dominsa: tela, da direba, da mai kanti, da uwar 'ya'ya, waɗanda in an ce sai sun sami sarari, to, har abada ba za su buɗe littafi ba.

Mai sauraronmu da ke Kumasi, ko Ndjamena, ko Landan, wanda aiki ke cinye masa yini, 'ya'yansa kuma suna tashi da harshen wasu, ya san nauyin wannan magana ba sai an faɗa masa ba. Abin da aka yi sau ɗaya a shekara, biki ne. Abin da ake yi kullum, shi yaro ke gani ya ɗauka. Hausawa sun ce yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.