Asalin “dala” da darasin da ta bar wa fatake: jawabin magatakarda a taron cikar shekara



Kullum muna cewa dala ashirin, dala ɗari, amma kaɗan ne suka san asalin kalmar. Wajen 1520 aka fara buga wani babban kuɗin azurfa a kwarin Joachimsthal, cikin ƙasar Cek ta yau. Daga sunan kwarin aka samu “tala”, daga nan dalar Amurka da dalarmu suka fito.

Wadda ta fi shahara ita ce mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. An fara buga ta a 1741. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma ƴan kasuwar Yaman da Habasha da Sudan ba su yarda da wata ba ita ba. Sai aka ci gaba da bugawa, ana sa 1780 a jiki, har a Landan da Paris da Roma. Ayarin Tarabulus ya kawo ta Borno da ƙasar Hausa. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851, dala guda wuri 2,500 ce.

Me ya sa aka amince da ita? Nauyinta giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa, ba ya canjawa. Gefenta da rubutu, in an kankare za a gani. Ko Ostiriya da ta daina kashe ta a 1858, kasuwa ba ta daina ba.

Yau sunan ya rage. A Nijar dala sefa 5 ce, a Chadi su ce riyal, a Najeriya kafin naira sule biyu ce. Manyanmu kuma ba su manta Janairun 1994 ba, da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta.

Kuɗin takarda ba a hannunmu yake ba, amma mudu da sikeli da alkawari suna hannunmu. Wanda ya ba ka kaya bashi daga ƙetaren iyaka ba shi da kotun da zai kai ka, maganarka ya riƙe. In ɗayanmu ya tauye buhu, sunan ƙungiya duka ya tauye. Mu riƙe awo guda, kamar waccan dala.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya kai mu baɗi lafiya.