Takarda ke kai ka ƙofa, hali ke zaunar da kai: jawabi ga matasan Kwaya



Zan fara da labarin kaina, don kada wani ya ce na zo yi masa wa'azi. Da na gama lisans a jami'ar Damagaram, na ɗauka duniya jirana take. Na kai dosiyena wata ƙungiya mai aiki da manoma, aka kira ni ganawa. Na makara da kusan rabin awa, ban ko ba da haƙuri ba. Suka ce: ga tsohuwa a ƙauye, iri ingantacce aka kawo mata, ta ce ba ta so, yi mata bayani da Hausa. Wallahi sai na hau zuba Faransanci, ina jero kalmomin da na haddace a aji. Wadda aka ɗauka ba ta kai ni karatu ba. Ita cewa ta yi za ta fara gaida tsohuwar, ta tambaye ta dalilinta, don wataƙila an taɓa ba ta irin da bai yi ba. Na yi wata guda ina cewa hanya gare ta. Daga baya na yarda ta fi ni abin da ake nema.

Abin nan da ta fi ni, ba a ba da diflom a kansa. Shi ne iya sauraro, iya magana daidai da wanda ke gabanka, cika alƙawari, zuwa kan lokaci, riƙon amana, da iya aiki da wanda jininku bai haɗu ba.

Kuma mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku dubi ƴan'uwanmu da ke bi ta Magarya da Tinkim da Ɓaɓura su tafi Kano cin rani. Yaro zai shiga shago a Kantin Kwari ba ya da ko dala. Bayan shekaru maigida ya sallame shi da jari. Wace takarda ya nuna? An bar masa kuɗi, ba a ga giɓi ba. Ku je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ku ga dillalin dabbobi: bakinsa da sunansa su ne jarinsa, ranar da ya ci amana sau ɗaya, kasuwarsa ta watse. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma bayan Yulin 2023, duk mun ga wahalar da aka sha. Wanda aka san shi da biyan bashi, shi aka ci gaba da ba kaya a kan magana.

Na san abin da ke ran wasunku: "Kai dai faɗi, aiki a ƙasar nan sai mai uba a gindin murhu." Ban ƙaryata ku ba. Akwai son kai wajen ɗaukar aiki, kuma guraben sun yi kaɗan. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, duk suna tafe bayanmu, gwamnati da matatar SORAZ da ƙungiyoyi ba za su ɗauke mu duka ba. Wannan magana ba za mu daina yin ta ba, haƙƙinmu ne mu nemi a yi adalci. Amma hanya tana iya shigar da mutum ofis, ba ta iya sa jama'a su yarda da shi. Mu kuma da ba mu da kowa, halinmu ne kaɗai zai yi mana magana inda ba mu nan.

Kada kuma a fahimce ni baibai. Ladabi daban, fadanci daban. Ka iya ce wa shugabanka "ranka ya daɗe, a nan akwai kuskure" ba tare da ka ci masa fuska ba, wannan ma gwaninta ce, kuma ta fi durƙuso wuya.

Ana cewa hali zanen dutse. Ni dai na ga nawa ya canza, da koyo. Ga abin da nake roƙo. A kowace fada, mu ware yamma ɗaya a mako: mutum ya miƙe ya gabatar da kansa cikin minti biyu, da Hausa sannan da Faransanci, sauran su gyara masa ba da dariya ba. Wanda ke sitaj ko aikin bautar ƙasa ya ɗauke shi aiki na gaske, domin a nan ake gane mutum, a nan ake samun mai ba da shaida. In ka yi rajista a ANPE, ka riƙe lambar waya ɗaya, in an kira ka ɗauka da sallama. Iyaye kuma, don Allah ku bar ƴan mata su yi magana a taro. Yarinyar da aka hana buɗe baki a gida, ranar ganawa ma ba za ta buɗe ba.

Ni asarar aiki ɗaya na yi kafin in gane. Ina fatan ku ba sai kun yi ba.